Katin Banki Don Tafiyar Kasuwanci Ƙasar Waje: Tambayoyin 'Yan Kasuwar Gombe Da Amsoshinsu

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin 'yan kasuwarmu masu fita waje: masu sarin leshi da abaya da takalma, masu kawo wayoyi da kayan sola, masu kayan gyaran babur, da 'yan Tudun Hatsi da suka fara neman masu sayen riɗi da waken suya a ƙetare. Yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan katin tafiya an tsara su ne don mutumin da yake samun kuɗinsa da dala ko fam. Mu da naira muke ciniki, kuma da yawanmu ba ma taɓa kuɗin ruwa. Don haka lissafinmu daban yake tun daga tushe.

Wai mene ne bambancin katin bashi da katin ATM ɗin da yake aljihuna?

Katin da yawancinmu muke riƙe da shi kuɗinka yake ci. Ka sa shi a na'ura, a zare daga abin da ka ajiye, in asusu ya ƙare kati ya tsaya. Katin bashi kuwa kuɗin banki kake kashewa. Banki zai yanka maka iyaka, a ce dala 5,000, ka yi ta sayayya a cikinta, ƙarshen wata a turo maka lissafi. In ka biya duka kafin ranar da aka sa, yawanci ba a ɗora maka komai a kan sayayyar. In ka biya wani abu ka bar saura, sauran ya fara haihuwa. Akwai kuma na uku, katin da ake loda wa kuɗi kafin tafiya, wanda ba ya haɗe da babban asusunka, abin da ka zuba masa kaɗai zai ci.

Katin bashi bai yaɗu a Najeriya ba, balle a nan wajenmu. Bankunan da suke bayar da na dala yawanci sai sun ga jingina, ko su riƙe wani kuɗi naka a wurinsu, ko su ga kuɗi na shige da fice a asusunka na tsawon lokaci.

Katin naira na zai yi aiki a waje?

Zai iya yi, amma kada ka jingina tafiyarka a kansa. A 2022, da dala ta yi wuya, bankuna suka riƙa rage abin da katin naira zai kashe a waje har wasu suka sauko dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe ƙofar gaba ɗaya. Sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa, kowane banki da iyakarsa. Abin da aka rufe sau ɗaya ana iya sake rufe shi, kuma ba lallai a jira ka dawo gida ba. Ga shi kuma da katin naira ba kai ne kake zaɓen farashin canji ba, banki ne yake sawa a ranar da aka cire kuɗin.

In katinka Verve ne ko AfriGo, wanda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a farkon 2023, ka ɗauke shi a matsayin katin gida. Na tafiya Visa ne ko Mastercard.

To a taƙaice, wane kati kuke ba da shawarar a nema?

Ra'ayina a fili yake. Ga ɗan kasuwar da yake sayar da kayansa da naira a Babbar Kasuwar Gombe ko Kumo ko Bajoga, abin da ya fi dacewa shi ne ya buɗe asusun dala da sunan kamfaninsa, ya karɓi katin cirar kuɗi na dala a kan wannan asusu, ya zuba masa guzurin tafiya kafin ya tashi. Sannan ya riƙe kati na biyu daga wani banki daban, ya ajiye shi a wata jaka daban. Da wannan tsari ka san nawa ka sayi kowace dala tun kana gida, ba ka bin kowa, kowa ba ya bin ka, kuma in naira ta faɗi kana Gwanzu ta ƙasar Sin ba abin da ya shafi kuɗin otal ɗinka.

Katin bashi na zuwa ne a bayan waɗannan biyun, ga wanda yake da dalilinsa na musamman. Zan zo kan dalilan.

Malam, ni babbar damuwata halasci. Katin bashi ya halatta?

Wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi, kuma ba daidai ba ne ma'aikacin banki ya share ta da cewa "ai in ka biya da wuri babu ruwa". Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna kan wannan mas'ala a Riyad a shekarar 2000. Matsayar da ta cimma ita ce bai halatta a fitar da katin bashi ko a yi amfani da shi ba matuƙar an shardanta ƙarin riba a cikin yarjejeniyar, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin wa'adi ya cika. Dalilinsu shi ne ka riga ka sa hannu a kan sharaɗin. Ta halatta katin da babu wannan sharaɗi a cikinsa, ta kuma halatta banki ya karɓi tsayayyen kuɗi na hidimar fitar da kati ko sabunta shi, domin wannan ladan aiki ne, ba ƙari a kan bashi ba.

Akwai malaman da suka yi sassauci ga wanda buƙata ta matsa masa, musamman mazauna ƙasashen Turai, da sharaɗin ya tabbata zai biya duka a kan lokaci. Amma ɗan kasuwar da yake da hanyar katin dala na kuɗinsa, da wuya a ce lalura ta kama shi. Katin da kuɗinka ne a ciki ba ya cikin wannan saɓani, tunda babu bashi balle ƙari.

Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa suna nan: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Ka je ka tambaye su asusun dala da katin da ke kansa. Kuma duk takardar da za ka sa wa hannu, a kowane banki, ka karɓi kwafinta ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa ya duba sharuɗɗan da idonsa. Hukunci yana kan abin da aka rubuta a takardar, ba kan sunan da aka buga a jikin katin ba.

In haka ne, mene ne ma amfanin katin bashin?

Yana da amfani na gaske a wuri biyu ko uku. Na farko otal. Manyan otal-otal kan riƙe wani kuɗi a katinka ranar da ka sauka, saboda ko za ka ci wani abu ko ka lalata wani abu. A katin bashi, iyakarka kawai ake taɓawa. A katin cirar kuɗi, kuɗinka ne na zahiri ake ƙullewa, kuma sakin su kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, bayan ka bar otal ɗin. Mutum ya zo da dala 1,500 na guzuri, otal biyu su ƙulle masa ɗari uku-uku, ka ga tafiya ta fara ƙunci. Na biyu hayar mota: a Turai da Amurka kamfanoni da yawa ba sa ba da mota sai da katin bashi mai sunan direban. Na uku, in ɓarayin intanet suka taɓa katin, kuɗin banki suka taɓa kafin a warware, jarinka yana nan.

Amma ka duba tafiyarmu. Wanda ya je Gwanzu ko Dera a Dubai ko Laleli a Istambul ba ya hayar mota, tasi da jirgin ƙasa yake hawa. Otal ɗin da yake sauka ma yawanci yana karɓar ajiyar da tsabar kuɗi, a mayar maka a hannu ranar tafiya. Ka tambaya tun a wurin karɓar baƙi: "Zan iya ba da ajiyar da kuɗi hannu?" Sau da yawa amsar e ce.

Me ya sa kuke tsoratar da mu bashin dala? Ai bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Haka ne, amma ba kowane bashi ne yake girma yana kwance ba. Kafin watan Yuni na 2023, lokacin da Babban Banki ya saki farashin naira, dala a hukumance tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗauki mutumin da ake bi dala 2,000 a kati: a farashin farko abin da ke kansa bai kai naira miliyan ɗaya ba, a na biyu ya kai miliyan uku, ba tare da ya ƙara sayen ko allura ba, kuma ba a ma sa ruwa a lissafin ba. Kayan da ya kawo kuwa da naira zai sayar, wasu ma bashi zai bayar ga 'yan ƙauye sai bayan kaka.

Wanda yake fitar da riɗi ko citta ko zoɓo ana biyansa da dala, shi lamarinsa daban, domin irin kuɗin da ake bin sa, shi yake samu. Wanda ba haka ba, in har ya karɓi katin bashi na dala, to dalar da zai biya ta kasance tana kwance a asusunsa tun kafin ya kashe.

Katin bashi na naira ma ba sauƙi ba ne. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, kuma na kati kullum sama da wannan yake. Ribar wace haja ce za ta ɗauki haka?

Dole sai na kamfani? Katina na kaina ba zai wadatar ba?

Zai biya kuɗi, amma zai ruɗa maka littafi. Mun san yadda tafiya take: ka sayi samfurin kaya, ka biya otal, a shago na gaba ka sayi turaren uwargida da agogon yara da tsarabar surukai, duk a kati ɗaya. In ka dawo ba ka san nawa tafiyar ta ci wa shago ba, don haka ba ka san nawa za ka ɗora a kan kowane katan ba. Da yawa suna ganin riba a baki, a aljihu babu, saboda wannan. In kuna da abokin tarayya, ko jarin wani ɗan'uwa yana cikin naka, raba katin ya zama amana, ba tsari kawai ba. Bayanan asusun kamfani masu tsabta kuma suna taimakawa ranar neman biza ko ranar da masu haraji suka zo.

Waɗanne takardu banki zai nema?

Takardar rajistar kasuwanci ta CAC, lambar haraji ta TIN, BVN da NIN na masu sa hannu, shaidar adireshi, hotuna, da mutanen da za su tsaya maka. In kamfani ne mai daraktoci, za a nemi takardar amincewarsu. Ga katin bashi za a ƙara duba tarihinka a wurin kamfanonin da ke ajiye bayanan masu bashi, irin su CRC da FirstCentral.

Abu ɗaya da ya kamata ka karanta da kyau: ko da sunan kamfani ne a kan katin, galibi za a sa ka tsaya wa bashin da kanka. Tun 2020 akwai tsarin GSI, wanda ya ba banki damar bin BVN ɗin mutum ya kwashi abin da yake bin sa daga asusunsa na wasu bankuna. Kada ka ɗauka kamfani ya kare ka.

Zan iya biyan kuɗin kwantena da kati?

A'a, ba aikin kati ba ne. Kati na guzuri ne: tikiti, otal, abinci, mota, kuɗin shiga baje koli, samfuri, ƙananan kaya. Kayan da za su shigo ta tashar ruwa suna da hanyarsu, wato cike takardar shigo da kaya ta Form M ta hannun banki da tura kuɗi zuwa asusun kamfanin da ya sayar maka. Masana'antu ma ba sa son kati a manyan kuɗi, saboda ana yanke musu kaso, kuma in suka yarda kai za su ɗora wa kason. Bankinka shi ma yana da iyakar abin da kati zai kashe a rana da a wata.

Ina batun kuɗin guzuri na BTA?

BTA dalar guzuri ce da banki yake sayar wa ɗan kasuwa mai tafiya, a 2024 iyakarta dala 5,000 a kowane wata uku. PTA na tafiyar ƙashin kai ne, iyakarsa a lokacin dala 4,000. Ana nema ta takardar neman canji ta Form A, da fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa. A Fabrairun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su daina biyan waɗannan da tsabar kuɗi, su riƙa zubawa a kati. Ka ga ke nan ko ba ka so, wannan umarni ya sa kati ya zama dole ga mai bin wannan hanya. Ƙa'idojin canji suna yawan sauyawa, saboda haka ka leƙa reshenku ka ji wadda ake kai kafin ka sayi tikiti.

Waɗanne caji ne zan tambaya kafin in karɓi kati?

Nan ne ake cin mutane a hankali, ba tare da sun ji zafi ba. Ka zauna gaban ma'aikacin, da biro da takarda, ka tambaye shi ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne kuɗin fitar da katin, nawa ne na shekara? In na sayi abu da kuɗin da ba dala ba, a ce yuwan ko dirhami ko lira, kashi nawa kuke ɗorawa a kan farashin Visa ko Mastercard? Nawa ne cajin cire kuɗi a ATM na waje, kuma nawa zan iya cira a rana? In an ƙi karɓar katin, akwai cajin wannan ma? In katin bashi ne: wace rana ake rufe lissafi, wace rana ce ta biya, mene ne tarar jinkiri?

Wanda ya fi muhimmanci shi ne kason canjin nan da ake ɗorawa, domin shi ne yake bin kowace sayayya. Misali, in banki yana ɗora kashi 3 ka kashe dala 3,000, dala 90 sun tafi, kwanan otal guda ko biyu ke nan. Katin da kuɗin shekararsa ya ɗan fi tsada amma wannan kaso nasa ƙarami ne zai iya fin araha ga mai yawan fita. Mai fita sau ɗaya a shekara kuwa, lissafinsa akasin haka ne.

Kuma kada ka cire tsabar kuɗi da katin bashi. A nan babu kwanakin afuwa, ruwa yana farawa ne daga ranar da ka cira, ga caji a kai.

Na'urar POS ta tambaye ni in biya da dala ko da kuɗin ƙasar. Wanne zan danna?

Kuɗin ƙasar, kullum. In kana Dubai danna dirhami, in kana Makka danna riyal, in kana Istambul danna lira. Idan ka zaɓi dala, kamfanin da ya ba mai shagon na'urar ne zai yi maka canjin da farashinsa, kuma farashinsa kusan kullum ya fi muni. ATM ma yakan yi irin wannan tayin, ka ƙi. Wani mai shagon yakan danna maka da kansa, don haka ka duba allon kafin ka sa lambar sirri. Dirhami a ɗaure yake da dala a kan 3.67, riyal a kan 3.75, saboda haka a waɗannan ƙasashe biyu da wayarka ma za ka gane in an yi maka ƙari.

Sin zan je karon farko. An ce can ba a karɓar kati.

Gaskiya ne a mafi yawan wurare. Manyan otal da filin jirgi suna karɓar Visa da Mastercard, amma mai tasi da mai abinci a unguwar Shiyawbei ta Gwanzu da mai rumfa a kasuwar Futiyan ta Yiwu da waya ake biyansu, ta Alipay ko WeChat Pay. Tun 2023 baƙo yana iya haɗa katinsa na waje da waɗannan manhajoji. Abin da bai wuce yuwan 200 ba babu caji, abin da ya haura ana ɗora kashi 3. Ka sauke manhajar, ka sa fasfo, ka haɗa katin tun kana Gombe, inda layinka yake karɓar saƙo ba wahala. Ka kuma sani cewa da katin waje ba a tura wa mutum kuɗi kai tsaye, sai biyan shago, shi ya sa wasu ƙananan 'yan kasuwa biyan ba zai wuce ba. Ka riƙe 'yan yuwan a aljihu saboda irin wannan.

In baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu za ka, sau biyu ake yi a shekara, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, kuma otal yana tsada sosai a lokacin. Ka zuba wa katin fiye da abin da ka lissafa.

Ni mace ce, gwal da abaya nake sarowa a Dubai da Saudiyya. Akwai abin da ya shafe ni daban?

Akwai, Hajiya. A waɗannan ƙasashe kati yana aiki kusan ko'ina, wannan ba matsala. Amma masu gwal da yawa suna ƙara wani kaso in da kati za ki biya, don haka ki tambayi farashi biyu, na kati da na kuɗi hannu, kafin a ɗora a sikeli. Sannan waccan matsaya ta Majalisar Fiƙihu ta ambaci gwal da azurfa da canjin kuɗi da sunansu: ba a sayensu da katin bashi, domin cinikinsu hannu da hannu ne. Ki riƙe rasit na kowane abu, saboda kwastan.

Ki tabbata katin sunanki ne a kansa, daidai da yadda yake a fasfo. Tafiya da katin maigida ko na ɗa tana jawo matsala a otal da wurin jirgi, kuma in wani abu ya faru banki ba zai saurare ki ba, sai mai katin.

Visa ko Mastercard?

Duk ɗaya ne a yawancin ƙasashe. In kati biyu za ka riƙe, ɗauki ɗaya-ɗaya.

An ce in na fita saƙon OTP ba zai riƙa shigowa ba.

Wannan ƙaramin abu ya tsayar da tafiyar mutane fiye da rashin kuɗi. Sayen tikiti ko kama otal ta intanet yakan buƙaci lambar da banki ke turowa layinka na Najeriya. In ka cire layin ka sa na can, lambar ba za ta same ka ba. Ka tafi da waya mai layi biyu, ka sa a buɗe wa layinka damar aiki a waje, ka bar kuɗin kira a ciki, ka kuma nemi banki ya riƙa turo lambar ta imel ko ta manhajarsa. In bankinka yana ba da ɗan token, wato 'yar na'urar da ke fitar da lambar, tafi da shi. Kada ka bar layin a gida wai yaro zai riƙa karanto maka lamba: ga bambancin lokaci, ga shi ka miƙa mabuɗin asusunka a hannun wani.

Ka kuma sanar da banki ƙasashen da za ka, har da inda za ka ya da zango, kamar Adis Ababa ko Alƙahira. In ba haka ba na'urarsu tana iya ɗaukar sayayyarka ta farko a matsayin sata ta rufe katin.

Makin da ake tara wa mai sayayya da kati da ɗakin hutu na filin jirgi da inshora fa? Ana ta kwaɗaita mana su.

Ɗakin hutu yana da daɗi ga mai jiran jirgi awa bakwai, ba na musu. Amma ka raba kuɗin shekarar katin da yawan tafiyarka ka gani ko ya biya. Inshorar da ke kan manyan katuna yawanci ba ta aiki sai in da katin ka sayi tikitin, kuma tana da sharuɗɗa masu yawa. In ofishin jakadanci ya nemi inshorar lafiya, kamar na ƙasashen Turai masu bizar Shengen, ka tabbatar takardar da za ka kai ta cika sharaɗinsu. Ni dai ba zan zaɓi kati saboda maki ba.

Yarona nake turawa, ba ni nake zuwa ba. In ba shi katina?

Kada ka ba shi, ko da ɗan cikinka ne. Ba don zargi ba. Ba da kati da lambar sirri ga wani ya saɓa yarjejeniyarka da banki, in kuɗi suka salwanta ba ka da bakin magana. Ka nemi a yi masa kati da sunansa a ƙarƙashin asusun kamfani, da iyakar da ka yanka, alat yana shigo maka. In bankin ba ya yin haka, katin lodi ya wadatar, ka riƙa zuba masa kaɗan-kaɗan. Wannan kariya ce gare shi shi ma, domin ranar lissafi komai a rubuce yake, babu "Alhaji wallahi ban tuna ba".

Kati ya ɓace, ko an cire mini kuɗi sau biyu. Yaya zan yi?

In ya ɓace, rufe shi nan take ta manhajar banki, sannan ka kira su. Ka rubuta lambar kiran banki ta ƙasashen waje a takarda, ba a waya kaɗai ba, saboda sau da yawa waya da walat tare suke tafiya. Nan ne katin nan na biyu da ke wata jaka zai yi ranarsa.

In cira biyu aka yi, ko na'ura ta ce bai wuce ba alhali kuɗi sun fita, ka riƙe takardar da ta fito, ka ɗauki hotonta domin rubutun yana gogewa. Ka rubuta wa banki ƙorafi, su ba ka lambar ƙorafin. Visa da Mastercard suna da tsarin dawo da kuɗi, amma yana da wa'adi, kada ka bari sai bayan wata uku. In banki ya yi shiru bayan mako biyu, kana da damar kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Banki.

Tsabar kuɗi fa, in daina ɗauka?

A'a, ka ɗauki daidai gwargwado, sababbin takardu masu tsabta, domin 'yan canji a ƙasashe da yawa suna ƙin tsofaffin dala ko su karya musu farashi. Abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa doka ta wajabta ka bayyana wa kwastan a filin jirgi, fita ko shigowa. Bayyanawa ba laifi ba ce, ɓoyewa ce take sa a ƙwace kuɗin a kuma gurfanar da mutum. Ƙasar da za ka sauka ita ma tana da nata ƙa'idar.

Mu da muke shiga Kamaru da Chadi da Nijar, wannan magana ta shafe mu?

Kaɗan. A kasuwannin Garwa da Marwa da Injamena da Damagaram sefa a hannu ita ce ciniki, kati sai a manyan otal da ATM na birane. Ka tuna sefa iri biyu ce: ta Nijar daban, ta Kamaru da Chadi daban. Darajarsu ɗaya, dukansu a ɗaure da yuro, amma ba a karɓar ta wannan yanki a wancan.

Yaushe ya kamata in fara shiri?

Aƙalla wata guda kafin tafiya. Buɗe asusun kamfani yana ɗaukar lokaci, kuma katin dala ba kullum ake buga shi a reshen Gombe ba, wani lokaci sai an aiko daga hedikwata. In ya iso, ka sa masa lambar sirri, ka duba ranar ƙarewarsa kada ta faɗo kana waje, ka tabbata an buɗe masa sayayya ta intanet da ta ƙasashen waje, domin wasu bankuna a rufe suke ba da shi. Sannan ka gwada shi da ƙaramin abu, kamar biyan kwanan farko na otal, ka duba nawa aka cire a asusu ka kwatanta da farashin da aka nuna maka. In akwai gyara, a yi shi kana iya taka ƙafa zuwa banki, tun kafin ka kama hanyar filin jirgin Lawanti ko na Kano.